Nasiha Ga Mai Riƙe Da Biron Gwamnati

A watan Yulin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani bincike da ta bi gida-gida ta yi, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka. A ciki ta ce a shekarar 2023 kaɗai, tsabar kuɗin da 'yan Nijeriya suka ƙirga suka danƙa wa ma'aikatan gwamnati a matsayin cin hanci ya kai wajen naira biliyan 721, kuma an yi wannan miƙa da karɓa kusan sau miliyan 87. In ka raba, kowace miƙa ba ta wuce naira dubu takwas da 'yan kai ba. Ke nan ba kuɗin manyan kwangiloli ake nufi ba. Kuɗin direba ne a shingen hanya, da na mijin mai naƙuda a bakin ɗakin haihuwa, da na tsoho mai neman takardar filinsa, da na yaron da ke son a sa masa hannu a takardar shaidar ƙaramar hukumarsa.

Waɗanda suka karɓi kuɗin nan kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Maƙwabtanmu ne, ƙannenmu ne, surukanmu ne. Sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallacin unguwa, wasu kuma benci ɗaya ake zama da su a coci ranar Lahadi. Da yamma in an baje tabarma, su ne kan gaba wajen tsine wa 'yan siyasa, wai sun kashe ƙasa. Ba mai musun ɓarnar 'yan siyasa. Amma ɗan siyasa shekara huɗu ko takwas yake yi ya ƙara gaba, ma'aikaci kuwa yana nan har ya yi shekara 35 a bakin aiki ko ya cika 60 da haihuwa. Kuma babu kwamishinan da ke iya fitar da ko sisi daga asusun gwamnati da hannunsa shi kaɗai. Sai akawu ya rubuta bauca, akanta ya duba, odita ya buga hatimi, injiniya ya rubuta cewa ya je ya ga an gama aiki, darakta ya ce a biya. Duk rijiyar burtsatsen da ke kan takarda amma babu ita a ƙauye, akwai sa hannun wani ma'aikaci a ƙarƙashinta. Da masu wannan sa hannun nake son yin magana.

Ba na cikin masu cewa a da babu ɓarawo. Tun kafin Bature ya zo, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zayyana a Kitabul Farƙi irin abin da fadawa da alƙalan ƙasar Hausa ke yi: talaka ba ya isa gaban mai mulki sai ya ba da gaisuwa, alƙali yana karɓa ya karkatar da hukunci wajen mai hannu da shuni. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu bai jira an daɗe ba ya fara kuka da wasu mutanen jihadin kansu, ganin yadda son mulki da tara dukiya suka shige su. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a zauren Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul, kuma cikin abin da ya fi jaddadawa har da cin hancin da ya ce ya game kowane sashe. Cutar tsohuwa ce.

Abin da ya ɓace shi ne kunya. Zauna da dattijon da ya yi aiki a zamanin Jihar Arewa ka ji. Zai gaya maka yadda ma'aji kan kasa barci in ya ji odita ya fito rangadi, yana ta juya littafi da fitila don kada a samu giɓin sule ɗaya. Zai gaya maka cewa ranar da mutum zai bar gidan gwamnati sai an zo da takarda an ƙirga gadaje da kujeru a gabansa. Wanda aka kama da hannu dumu-dumu, bayan kora da ɗauri, danginsa kan yi shekaru suna sunkuyar da kai a gari, in ɗansa ya je neman aure sai an yi ta ƙus-ƙus. Daga irin wannan tarbiyya aka samu su Ali Akilu, Ahmed Talib, Liman Ciroma, Ahmed Joda da Sunday Awoniyi, mutanen da in an ambace su har yau aikinsu ake fara tunawa. Ba mala'iku ba ne su da tsaransu. Sai dai a lokacin ɓarawo ne ke ɓuya. Yanzu mai gaskiya ne ke rakuɓewa a ofis, yana jin kamar shi ne mai laifi.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwamitin Udoji na gyaran aikin gwamnati da aka kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, yana ɗauke da abu biyu: ƙarin albashi, da sabon tsarin auna ma'aikaci da abin da ya aikata. Gwamnati ta biya ƙarin har da ariyas na watanni, kasuwa ta cika da rediyo da babura, aka bar batun gyaran aiki a cikin kabad. A 1975 Janar Murtala ya zo da tsintsiyarsa ya kori ma'aikata fiye da dubu goma. Niyyarsa mai kyau ce, kuma da yawa cikin waɗanda aka kora sun cancanta, amma an haɗa da waɗanda ba a ko saurare su ba. Mutum yana zaune a gidansa sai ya ji sunansa a rediyo. Darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka ya saɓa da wanda Murtala ya so su ɗauka. Sai suka ce ashe kujerar nan ba ta da tabbas, gara mutum ya tanadi abin da zai dogara da shi tun yana kai. Daga 1986 tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, albashin da ke riƙe gida wata guda ya koma na mako biyu. Sannan garambawul ɗin 1988 ya mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya in gwamnatin da ta naɗa su ta tafi. An soke wannan tsari daga baya, amma ɗabi'ar da ya haifar ta zauna: babban ma'aikaci ya koyi kallon fuskar ɗan siyasa kafin ya kalli littafin ƙa'ida.

Har yau kuma matsin yana nan. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma lokacin da aka sa hannu a kan na ƙarshen, kuɗin bai cika sayen buhun shinkafa ɗaya ba. Mai mata da 'ya'ya biyar, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Duk wanda zai yi wa ƙaramin ma'aikaci wa'azi bai ambaci wannan ba, bai yi masa adalci ba.

To amma in yunwa ce ke sa sata, me ya sa mafi ƙoshi suka fi ɗiba? John Yakubu Yusuf tsohon babban jami'i ne a ofishin fanshon 'yan sanda. A watan Janairun 2013 ya amsa laifinsa a gaban kotu a shari'ar biliyoyin naira na tsofaffin 'yan sanda, aka yanke masa shekara biyu ko tarar naira 750,000, ya biya nan take ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da biyan naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022. Abdulrasheed Maina kuwa shi aka ɗora a kan kwamitin da zai tsabtace harkar fansho. An kore shi a 2013, aka wayi gari a 2017 an mayar da shi aiki a asirce har da kujerar darakta, sai da jama'a suka yi ca aka sake korarsa. Da aka ba shi beli ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, can aka kamo shi, kuma a watan Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure shi shekara takwas kan kuɗin da ya kai wajen naira biliyan biyu. Wace yunwa ce ke cin biliyan? Ka kuma lura, takardar da ta mayar da Maina ofis ba aljanu suka rubuta ta ba. Ta bi tebur-tebur a hannun ma'aikata, kowa ya ga sunan, kowa ya tura gaba.

Shi ma ƙaramin ma'aikaci mai kafa hujja da talauci, ya dubi wanda yake karɓa daga hannunsa. Kusan kullum wanda ya fi shi talauci ne. Mai hali ba ya bin layi, waya yake bugawa.

Na ga wata mata a wani ofis, mijinta malamin firamare ne da ya rasu yana bakin aiki. Ta gama takaba ta zo bin haƙƙin marayu, ƙanen mijin na biye da ita, takardu a cikin leda: ta ɗaukar aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta shaidar rasuwa, da ta kotu mai nuna magada. Akawun bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

"Hajiya, fayil ɗin nan fa ba a gan shi ba. Ki dawo mako mai zuwa."

"Ɗana, wancan makon ma haka ka ce. Daga nesa muke, kuɗin motar ma rance na yi."

"To ni ya zan yi? Oga ma ba ya nan."

Suna fita baranda masinja ya bi su, ya rage murya, cikin ladabi har da rusunawa. "Inna, ai sai kin ɗan motsa. Yaran rajista ne, ki ba su na shan ruwa, yanzu za a nemo." Ta juya baya ta kwance bakin zaninta, ta ciro abin da ta ƙulle na komawa gida. Kafin ta gyara lulluɓinta fayil ya fito, daga durowar teburin da ta tsaya a gabansa.

Mamacin nan abokin aikinsu ne, albashi ɗaya suke ci daga asusu ɗaya. Akawun da ya danne fayil ɗin, nasa fayil ɗin yana cikin ɗakin nan, a kan kanta ɗaya da na mamacin, kuma wata rana shi ko matarsa za su tsaya a gaban wani yaro mai danna waya. Duk wanda ya taɓa ganin layin tantance 'yan fansho ya san abin da nake faɗi: tsofaffin hedimastoci da manyan akawuna a rana, wani da sanda, wani an riƙo shi, wani a kwance a bayan mota don a gan shi a yarda yana da rai. A cikinsu akwai waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah aka zalunce su, akwai kuma waɗanda da hannunsu suka koya wa yaran yau yadda ake ɓatar da fayil.

Akwai kuma satar da ba ma ko ɗaukarta sata, ita ce ta lokaci. Ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Maigadi za ka tarar da masinja, sai awaki kwance a baranda, ofisoshi a garƙame. Hukumar da ke da ɗaruruwan ma'aikata a takarda, ba za ka ƙirga ashirin ba. A da ranar biyan albashi kan tara su. Yanzu da kuɗi ke shigowa ta waya, ko wannan zuwan ma an huta. Amma a sanar da tantancewa, ranar ko wurin ajiye babur ba za ka samu ba. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ce ta cire sunayen bogi 23,846 daga jerin masu albashi bayan an gwada su da lambar BVN, abin da ya rage wa gwamnati naira biliyan 2.29 kowane wata. Waɗannan sunayen da babu mutane a bayansu ke nan, kuma na'ura na iya kama su. Wanda na'ura ba ta kamawa shi ne mai rai da lafiya, da BVN ɗinsa da hotonsa, sunansa na makarantar ƙauye ko ƙaramin asibiti, shi kuwa yana shagonsa a birni, ya yi yarjejeniya da shugaban sashe a kan wani kaso na albashin. Yaran ajinsa suna gama aji shida ba su iya rubuta sunansu ba. Mai ciki ta isa asibitin da dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Wanda ya karɓi takardar kama aiki ya sayar da sa'o'insa ne, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, an kuma biya shi. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar, kuma malamai ba su taƙaita ma'anarta ga 'yan kasuwar hatsi ba. Mutumin da zai tayar da jijiyar wuya in an yanke masa naira ɗari biyar a albashi, shi ne zai zo ƙarfe goma sha ɗaya, ya fita sallar azahar, daga can sai gobe. Sallar da ba ta wuce minti goma sha biyar an mayar da ita ƙofar guduwa. Da wannan albashin ake sayen abincin yara, da shi ake biyan kujerar Makka.

Tushen wannan duka yana wurin shiga. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna binciken sayar da guraben aiki, aka ji wani jami'i da ya yi aiki a hukumar tabbatar da raba daidai wajen ɗaukar ma'aikata yana amsawa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyi daga masu neman aiki. Yaron da ubansa ya sayar da gona ya saya masa takardar kama aiki, ranar da ya zauna a kujera ba hidima ce a ransa ba. Jari aka zuba, kuma gida na jiran a mayar.

Sai batun kyauta, inda mutanen kirki da yawa ke zamewa. "Ni ban roƙa ba, shi ya ba ni don Allah." Wannan magana an yanke hukuncinta tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kashi ya ce wannan na baitulmali ne, wancan kuma kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya nuna ɓacin ransa, ya ce mutum ya zauna a gidan iyayensa mana ya ga ko kyautar za ta biyo shi, ya kuma yi gargaɗin cewa duk abin da aka ɗauka ta wannan hanya za a zo da shi a wuya ranar alƙiyama. Ma'aunin ke nan, kuma kowa na iya gwada kansa da shi: ragon sallar da ɗan kwangila ya aiko, da buhun shinkafar azumi, za su zo shekarar da ta biyo bayan ritayarka? Tambayi waɗanda suka sauka. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, in ya ga dukiyar ta kumbura fiye da ƙima ya karɓi wani kashi ya mayar baitulmali. 'Yan'uwanmu Kirista ma sun san amsar da Yahaya Mai Baftisma ya ba masu karɓar haraji da sojoji a Linjilar Luka: kada a karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada a yi ƙwace, kowa ya tsaya a kan albashinsa.

Abin mamaki, dokar ƙasa ma abin da ta ce ke nan, kusan kalma da kalma. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci neman ko karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi. Ya ce duk kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati za a ɗauke ta haramtacciya sai in an tabbatar da akasin haka. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada. Ya hana cin albashi biyu, ya hana ma'aikacin dindindin gudanar da kasuwanci in ban da noma. Ya wajabta bayyana kadara lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka, har da kadarar 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba, kuma duk abin da albashi ko halastacciyar kyauta ko rance ba za su iya bayaninsa ba, mai shi ne zai wanke kansa. Hukunci ya haɗa da sauka daga kujera, da haramcin riƙe muƙami har shekara goma, da ƙwace dukiyar. An kafa ICPC a 2000, EFCC a 2003, aka zo da shirin kyautata hidima ga jama'a na SERVICOM a 2004, aka zo da tsarin biyan albashi na IPPIS, aka zo da asusun bai-ɗaya. Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Ma'aikata nawa ne suka taɓa karanta wannan jadawali, ko littafin ƙa'idojin aiki, in ba daren jarrabawar ƙarin girma ba? Fom ɗin bayyana kadara kuwa, da yawa wani ake ba ya cike, a je a yi rantsuwa a kan abin da ba a ko karanta ba.

A nan dole in juyo kanmu, mu da ba ma zaune a ofis, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ranar da aka ba ɗan'uwanmu kujera mai maiƙo, me muke cewa? "Allah ya kawo lokacinmu." Kafin wata ya ƙare an kai masa lissafin auren ƙanwa, da rufin ɗakin gwaggo, da kujerar Umra ta kawu, alhali kowa ya san albashin mataki na goma sha huɗu. In ya ce ba shi da shi, ya zama marowaci mai gudun dangi. In ya yi, ba mai tambayar daga ina. Wanda ya tsaya a kan gaskiya a ofis, suna ake sa masa: ba ya ci, ba ya bari a ci, mugu ne, ya cika taurin kai, bai iya zama da mutane ba. Abokan aiki su haɗa kai a tura shi wani lungu inda babu ko takardar rubutu. In ya yi ritaya a gidan haya, a majalisa a ce, "Wane ai bai yi wa kansa komai ba, shekara talatin da biyar a banza." 'Ya'yansa na ji. Suna kuma ganin wancan da kowa ya san tarihinsa, an ba shi sahun gaba a masallacin da ya gina, an naɗa masa rawani, maroƙa na kiran sunansa, an gayyace shi shugabantar taron saukar karatu. Wane darasi muke zaton yaro zai ɗauka?

Malamai da limamai da fastoci suna da kaso a nan. Huɗuba a kan tsawon wando da faɗin mayafi ba ta ƙarewa, amma sau nawa aka hau mumbari aka yi bayani dalla-dalla a kan hukuncin mai sa hannu a rajista ya gudu, ko mai rubuta alawus ɗin tafiyar da bai yi ba, ko mai ƙara sifiri a bauca? Kwamitin masallaci da ke karɓar miliyoyi daga ma'aikacin da albashinsa sananne ne, ba tare da ko ɗaga gira ba, ya riga ya ba da fatawa a aikace, ko da liman bai buɗe baki ba. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Wannan kowane ɗan islamiyya ya haddace shi.

Kada kuma wani ya ce abin ya fi ƙarfin gyara. Hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta ishe mu misali. A nan ne a 2018 aka ji labarin da ya ba duniya dariya, cewa maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishinta na Makurɗi. Amma labarin ya fito ne domin an samu shugaban da ya ce a buɗe littattafai a duba. Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, a 2017 ta mayar wa gwamnati rarar naira biliyan 7.8, alhali a shekarun baya abin da take mayarwa bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai dai su ne, kuɗin fom shi ne. Shugaba ne ya sake, aka toshe hanyoyin da kuɗi ke bi suna zurarewa.

Shi ya sa nauyin ya fi yawa a wuyan manya, daraktoci da manyan sakatarori da shugabannin sassa. Oga mai zuwa ƙarfe goma sha biyu ba shi da bakin tuhumar mai zuwa goma sha ɗaya. Wanda ake kai wa kasonsa duk ƙarshen wata ba zai iya ba kowa takardar tuhuma ba, don yaran sun san inda aka binne komai. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara ya zama wasa, kowa "ya yi fice", har wanda ba a gan shi ba tun bara. In kuma an yi ƙarfin hali an hukunta wani, kafin la'asar waya ta fara ƙara: daga fada, daga gidan gwamnati, daga wani babban malami, kowa na cewa a yi haƙuri yaronmu ne, mai iyali ne. Tausayin mai laifi ɗaya ya sa an manta da dubban da ya cuta, don su ba su da mai buga musu waya. Ita ma gwamnatin da ke riƙe albashi wata da watanni, take barin garatutin tsofaffi shekaru ba a biya ba, take cire kuɗin fansho daga albashi ba ta zuba inda doka ta ce ba, ta sani ita ce babbar mai koyar da cin amana, kuma wa'azinta ba zai shiga kunnen kowa ba.

Amma ɗan'uwa ma'aikaci, laifin gwamna ba zai zama hujjarka ba, kamar yadda naka ba zai zama hujjar masinjanka ba. Ba a ce ka gyara Nijeriya ba. Teburinka kawai aka ba ka, da sa'o'i takwas, da biro. In albashin bai isa ba, doka ta bar maka noma, ƙungiyar ƙwadago kuma don wannan faɗan aka kafa ta. Ka yi shi da wanda ya tauye ka, ka bar talakan da ya zo gabanka da leda. In an kawo maka takardar da ka san ƙarya ce, ka rubuta abin da ka gani a fayil da kwanan wata, ka bar mai son sa hannu ya sa nasa. Za a iya yi maka canjin wurin aiki, za a iya jinkirta maka ƙarin girma, ba na ɓoye maka wannan. Ku kuma iyaye da mata da 'yan'uwa, ku rage wa mutanen nan lissafin da kuka san albashinsu ba zai ɗauka ba, in kun ga abin da ya fi ƙarfin samunsu ya shigo gida ku tambaya. Wanda kuma ya san akwai fayil ɗin wani bawan Allah a durowarsa yana jiran goro, don girman Allah ya fito da shi ranar Litinin da safe ya tura shi gaba.